Shekarar Gandu a Ƙasar Matameye: Gona Ba Ta Jiran Kowa

Wannan shi ne cikakken jawabin da aka gabatar a gaban wani taro na magidanta, matan karkara, malaman gona da masu gari a Matameye, cikin jahar Damagaram.

 

Abin da ya tara jama'a a wannan wuri abu ne wanda kowa ya sani, amma ba kasafai ake zama a tattauna shi ba, wato rayuwar gida guda na manoma tun daga ruwan shuka har zuwa wani ruwan shukar. Manyan tarurruka sun saba da maganar raya karkara da wadata ƙasa da abinci, kalmomi masu nauyi waɗanda ba su da rumbu, ba su kuma da yaro mai kukan yunwa da dare. Yau za a sauko da maganar ƙasa, a shiga zaure, a leƙa rumbu, a bi maigida da iyalinsa gona wata bayan wata. Dalilin yin haka guda ɗaya ne: gona tana da lokacinta, kuma ba ta jiran kowa. Duk taimakon da ya iske manomi bayan lokacin gona ya shige, ko daga gwamnati ya fito ko daga masu agaji, ya tashi daga taimakon noma ya koma gaisuwar jaje.

Matameye ita ce babban garin gundumar Kance, kudu maso yamma da birnin Damagaram, a kan hanyar da ta taso daga Takieta ta bi ta Ɗan Barto ta shiga ƙasar Daura. A ƙidayar 2001 an sami mutum wajen 246,000 a wannan gunduma. A ƙidayar 2012 sun kai kusan 400,000. Wato cikin shekara 11 jama'a ta ƙaru da fiye da rabi, alhali ƙasar noma ko taƙi ɗaya ba ta ƙaru ba. A lokacin da Nijar baki ɗaya take da mutum 13 ko 14 a kowace murabba'in kilomita, ƙasar Kance tana ɗauke da fiye da 150. Duk abin da za a faɗa nan gaba, a riƙa tunawa da wannan lissafi.

Mene ne gandu?

Gandu shi ne gonar gida, wadda uba da 'ya'yansa, wani lokaci har da ƙannensa da matansu, suke nomawa tare, a zuba amfaninta a rumbu ɗaya, a ci daga tukunya ɗaya. Maigida ne mai riƙe da ita. A wuyansa ciyarwa take, da sutura, da auren fari na kowane ɗa namiji, da biyan lanho a zamanin da ake bin gida gida ana karɓa. Gefen gandu kuma akwai gamana, wadda 'yan'uwa na ƙetaren iyaka suke kira gayauna: ɗan fili ne da maigida yake yankar wa matarsa ko ɗansa, su noma a ranakun da ba na gandu ba ko kuwa da la'asar, abin da ya fito nasu ne na kansu. Wani masani Bafaranshe, Guy Nicolas, ya zauna ƙasar Kance cikin shekarun 1960 yana nazarin yadda dukiya take zagayawa a tsakanin gidaje, ya kuma rubuta littafi a kai. Tsarin da ya tarar yana nan da sauransa, sai dai gandu ya tsuke, gamana kuma ta soma ɓacewa. Kafin a zo kan dalili, bari a bi shekara daki daki.

Bazara

Mutumin birni yana zaton aikin gona da ruwa yake farawa. Manomi ya san tun watan Maris, cikin tsananin zafi, shekara take kamawa. A lokacin ne ake sassabe da sharar gona, a tone tushen karan bara, a kai fartanya da sungumi da galma maƙera. A lokacin ne kuma ake kwashe takin turke da jujin gida, mai amalanke ya ɗora wa amalanke, mai jaki ya yi mangala, wanda ba shi da ko ɗaya ya ɗauka a ka shi da yaransa. Ƙasar nan jigawa ce, rairayi ya fi yawa, ba ta ba da komai sai abin da aka ba ta. A da, makiyayi yakan sauka da garkensa a gonar mutum ya kwana biyu, a sallame shi da damin hatsi. Yanzu da shanu suka rasa wurin tsayawa, taki ya zama abin saye.

Babbar tambayar bazara ita ce iri. Gidan da ya tsallake rani da zangarniyarsa zaɓaɓɓiya a rataye, ya tsira da rabin shekara. Gidan da yunwa ta sa ya daka irinsa ya sha fura, sai ya tafi kasuwa ya auno abin da ya samu, bai san asalinsa ba, bai san kwana nawa yake yi ya nuna ba. Wasu kuma sukan yi binne, su zuba iri cikin busasshiyar ƙasa suna jiran ruwa. Idan ruwan fari ya zo da ƙarfi, mai binne ya riga kowa. Idan yayyafi ne ya jiƙa iri ya ɗauke, to an yi hasara, sai a sake neman wani. Caca ce, amma talaka ba don sha'awa yake yin ta ba, yana yi ne domin ya sami sararin zuwa yi wa wani shuka ranar da ruwa ya sauka.

Damina

Daren da ruwan shuka ya sauka, galibi cikin watan Yuni, babu mai barcin kirki. Da asuba gari ya watse. Maigida yana gaba da sungumi yana sara, mata da yara suna biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Kwana ɗaya ne ko biyu, kafin rana ta tsotse damshi. Wanda ya makara da mako guda, har kaka yana biyan bashin wannan makon. Hatsi ake fara sawa, sa'an nan dawa, daga baya a bi tsakanin layi da wake ko gujiya. Mata sukan kewaye gamanarsu da yakuwa da kuɓewa da riɗi, domin miyar shekara daga nan take fitowa.

Bayan mako biyu zuwa uku sai noman firi, wanda shi ne aiki mafi nauyi a shekara, kuma shi ne mai yanke hukunci. Ciyawa tana tsere da shuka, duk wanda ya rigaya shi ke da gona. Daga nan sai cira, a rage shuka a bar uku ko huɗu a gindi, sai kuma maimai. A nan ne ƙuduji yake fito da jan furensa a gonar da ta gaji, yana shan jinin hatsi ta ƙarƙashin ƙasa, manomi yana gani ya san gonarsa tana kuka ne da rashin taki da rashin hutu.

To, abin da ya kamata mahukunta su fahimta shi ne, watannin da aiki ya fi yawa su ne watannin da rumbu ya fi zama wayam. Cikin Yuli da Agusta, hatsin bara ya ƙare a gidaje da yawa, na bana bai nuna ba, farashin tiya ya kai ƙololuwa. Uwargida tana haɗa tafasa da rama da zogale da ɗan gari domin yara su sami abin sawa a ciki. A daidai wannan lokaci ne kuma zazzaɓin cizon sauro yake kwantar da yara, uwa ta bar gamanarta ta tafi jinya. Maigida ya duba ya ga babu abin da za a ɗora yau, sai ya saɓa fartanyarsa ya wuce gonarsa ya tafi ƙwadago gonar mai hali, ya wuni yana noma, a sallame shi da tiya ɗaya ko biyu. Ya ciyar da gida yau, amma ciyawa ta ci gonarsa. Da kaka ya sami dami kaɗan, baɗi rumbunsa ya ƙare da wuri fiye da bana, ya koma ƙwadago tun kafin firi. Haka talauci yake kama gida a ƙasar nan, kamar zarge, kowace shekara yana ƙara shaƙewa. Mai cewa lalaci ne ya kawo shi bai taɓa ganin magidanci ya yi noman wuni da ruwan tafasa a cikinsa ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kaka

Ranar da yara suka gasa tumun fari, gida ya yi ajiyar zuciya. Daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba ana girbi, ana ɗaurin dami, ana jidar su zuwa rumbu, ana roron wake, ana cirar gujiya. Ana fid da zakka, dami ɗaya cikin goma. A zamanin da, kara yakan kwana a gona dabbobi su ci. Yanzu babu abin da ake bari: kara na darni ne da makamashi da abincin dabba, harawa kuwa a naɗe ta a ɗora kan itace ko kan rufin ɗaki, domin cikin bazara kuɗi ce.

Amma farin cikin kaka gajere ne, domin duk masu bin gida bashi sun san wata. Wanda ya ba da hatsi da damina ya zo karɓa, sau da yawa da riba mai nauyi. Aure da suna da biki duk a kaka ake ɗaga su. Yara suna komawa makaranta cikin Oktoba. Maigida ba shi da kuɗi sai abin da ke rumbu, saboda haka ya kai kasuwa a ranar da kowa ya kai, farashi ya faɗi warwas. 'Yan kasuwa su saya su tara, wake ya bi ta Mai'aduwa ya nufi kasuwar Dawanau ta Kano. Bayan wata takwas, mutumin nan da ya sayar da hatsinsa da araha shi ne zai dawo ya sayi irinsa da tsada. Shekarar 2005 ta nuna wannan a fili. Fari da fara sun taɓa daminar 2004, gaskiya ne, amma kasuwanni ba su rasa hatsi ba. Farashi ne ya ninka ya fi ƙarfin talaka, aka kuma yi ta jayayya a kan ko a raba abinci kyauta ko a sayar da rahusa har damina ta yi nisa, asibitocin jahohin Maraɗi da Damagaram suka cika da yara masu tamowa.

Kaka kuma ita ce lokacin da manomi da makiyayi suke haɗuwa a bakin gona. Makiyayi yana gangarowa daga arewa, manomi bai gama kwashe wake ba, burtali kuma an cinye shi da noma. Hukuma ce take sa ranar sakin gonaki, kuma idan ba a sa ta da shawarar ɓangarorin biyu ba, ko aka sa ba a sanar ba, abin da ke biyo baya sananne ne. Abin da ya faru a Toda, cikin jahar Maraɗi, a watan Oktoba na 1991, inda aka kashe fiye da mutum 100, galibinsu mata da yaran Fulani, ya isa gargaɗi har abada.

Rani

Bisa al'ada, idan an gama kaka maigida yakan liƙe rumbun gandu, ba za a buɗe ba sai damina, domin masu noma su sami abin ci. Maza su kama hanyar cin rani: Kano, Legas, Agadas, Libiya, tun daga 2014 kuma har da wuraren haƙar zinariya na Jado. Waɗanda Allah Ya ba su fili a kwari, a bakin koramar da ta ratsa wannan ƙasa, kamar mutanen wajen Dungu, su ba su da rani: rake, rogo, dankali, kabeji, tumatir da albasa suna riƙe su har bazara. Noman rani ya sami ƙarfi ne bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta tura jama'a fadamu da rijiyoyi. Sai dai kwari kaɗan ne, jigawa ce mai yawa.

A gidan da babu kwari, rani na mata ne. Da hatsin gamanarta uwa take ci da kanta da 'ya'yanta har maza su dawo. Ita ce mai surfe da daka, mai ɗebo ruwa da itace, mai matsar man gujiya da suyar ƙuliƙuli, mai kiwon akuya biyu waɗanda su ne asusun gida ranar ciwo. Ƙungiyoyin adashi na Mata Masu Dubara, waɗanda aka soma a jahar Maraɗi a 1991 suka bazu ƙasa duka, a kan wannan ƙaramar sana'a suka tsayu. Duk wannan gini kuwa a kan gamana yake zaune. Idan aka zare gamana, me ya saura?

Inda gizo yake saƙar

A ƙaddara magidanci ya rasu ya bar gona mai eka 12, da 'ya'ya maza huɗu da mata huɗu. Bisa rabon gado, kowane namiji ya tashi da eka 2, kowace mace da eka 1, idan ma an ba ta. Kowane ɗaya daga cikin mazan nan ya haifi kamar yadda ubansa ya haifa. A rabo na biyu, abin da zai isa hannun jika bai kai abin da zai ci da mutum biyu ba. Wannan misali ne kawai, amma babu wanda yake zaune a nan da bai san gidan da haka ta faru ba. Saura, wato gonar da ake bari ta huta shekara uku ko huɗu, ta zama labari. Aron gona ya koma haya, haya ta koma jingina, jingina kuma sau da yawa ita ce ƙofar sayarwa, domin wanda ya jinginar saboda yunwa da wuya ya sami abin fansa.

Idan gona ta tsuke, wanda ake fara janye wa hannu ita ce mace. Wasu masu bincike biyu, Marthe Diarra Doka da Marie Monimart, sun nuna haka a kudancin jahar Maraɗi a 2004: maigida yana karɓe gamanar matarsa ya mai da ita gandu, amma nauyin ciyar da yara da rani yana nan a kanta. Ƙasar Kance ta ga ƙarshen wannan hanya da idonta. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 cikin hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu mata ne da ƙananan yara, kuma mafi yawansu daga wannan gunduma suka fito. Ƙasa ta yi zaman makoki na kwana uku. Dalilan wannan tafiya suna da yawa, ciki har da gasar biki da kayan ɗaki da ruɗin masu safara, amma uwar da take da rumbun kanta cike ba ta goya jariri ta shiga Sahara.

Darasi biyu daga tarihi

Dattawan da ke wannan taro suna tuna zamanin gujiya. Tun zamanin Faransawa har farkon shekarun 1970, gujiya ce kan gaba cikin abin da Nijar take fitarwa waje, kuma ƙasashen Matameye da Magarya suna cikin cibiyoyinta. A 1962 aka kafa kamfanin SONARA domin sayenta, aka kafa UNCC domin ƙungiyoyin haɗin kai da bashi, har masana'antar matsar mai aka yi a nan Matameye. Manomi ya san ranar buɗe kasuwa, ya san farashi, ya san inda zai sami iri. Tsarin yana da nasa zalunci, domin kaso mai tsoka na ribar yana tafiya baitulmali da aljihun 'yan tsakiya. Amma da farin 1973 ya zo, cutar gujiya ta biyo baya a 1975, kuɗin yuraniyom kuma ya ɗauke hankalin gwamnati, sai aka bar gujiya ta mutu ba a kafa komai a gurbinta ba. Tun daga ranar, gidan manomi ba shi da wani amfanin gona mai tabbataccen farashi, sai ya riƙa sayar da abincinsa domin biyan buƙatar kuɗi. Darasi na farko ke nan.

Darasi na biyu yana tsaye a kowace gona, shi ne gawo. Itace ne mai saɓa wa sauran itatuwa: yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi 'ya'ya. Kowane yaro ya san hatsin gindin gawo ya fi na fili. Ana ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan mai saran gawo. Dokar daji ta Faransawa ta 1935, da wadda ta gaje ta a 1974, sun mai da irin waɗannan itatuwa tamkar na gwamnati, har ya zama mutum yana tsoron tara idan ya sassabe reshe a gonar ubansa. Sakamakon haka shi ne manomi ya riƙa kashe tsiro tun yana ƙarami, domin kada ya girma ya jawo masa ma'aikacin daji. Daga tsakiyar shekarun 1980, bayan taron yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi a 1984, aka soma sassauta wannan riƙo, manoma suka ga itacen da suka raina nasu ne. Sai suka shiga sassaben zamani, wato barin tsiron da ya fito da kansa, a rage masa rassa, a kare shi. A 2006 Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka kewaya ƙasashen Magarya, Matameye da Mirya, suka ƙiyasta cewa fili wajen hekta miliyan 1 ya sake rufuwa da itatuwa, gawo ne kan gaba. Babu wata gwamnati ko ƙungiya da ta taɓa dasa kwatankwacin wannan a yankin Sahel. Talakawan da ake kira jahilai ne suka yi shi, da wuƙa da haƙuri, ranar da suka tabbata amfanin zai dawo gidansu.

Abin da gida yake nema

Saboda haka buƙatun gandu ba su da yawa, sai dai kowace tana da watanta.

Na farko, iri da takin zamani su kasance a ƙauye kafin ƙarshen watan Mayu, a kuma sayar da su a ƙananan ma'auni daidai aljihun talaka. Takin da ya iso cikin Agusta, ɗan kasuwa aka kawo wa.

Na biyu, hatsin rahusa na rumbunan OPVN ya fito tun daga Yuni har ƙarshen Agusta, a kai shi ƙauyuka, a auna da tiya. Wanda yake iya sayen buhu ba shi ne mai tafiya ƙwadago ba. Tiyar da ta tsai da magidanci a gonarsa ranar noman firi ta fi buhun da za a raba masa bayan gona ta lalace. Ma'aikatan lafiya sun riga sun nuna hanya: tun 2013 aka soma ba ƙananan yara maganin rigakafin zazzaɓi wata wata cikin damina, a daidai lokacin da cutar take tashi.

Na uku, bashin kaka. Tun ƙarshen shekarun 1990 aka gwada wani tsari a ƙasar nan, inda manoma suke tara amfaninsu a ɗakin ajiya mai makulli biyu, asusun bashi ya ba su kuɗi a kansa, idan farashi ya tashi su sayar su biya su riƙe ribar. Inda aka riƙe amana, tsarin ya yi aiki. Abin da ya hana shi yaɗuwa shi ne ƙarancin ɗakunan ajiya da ƙarancin asusun da zai ba da kuɗin cikin Oktoba da Nuwamba.

Na huɗu, takardar gona. A 1974 Kountché ya yi shelar cewa gona ta mai noma ta ce, shelar da ta faranta wa masu aro rai, ta kuma haifar da shari'o'in da wasunsu suka shekara da shekaru. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta kuma tanadi kwamitocin filaye masu ba da shaidar gado, saye, aro da jingina. Rani ne lokacin wannan aiki, sa'ad da gona take fili kuma shaidu suke da sarari. A rubuta jingina da adadinta da shaidunta. A rubuta gadon mace da sunanta. Malamai sun fi kowa sanin cewa hana mace gadonta ba al'ada ba ce da addini ya yarda da ita.

Na biyar, iyaka. Gidan manomin Matameye da ƙafa biyu yake tsaye, ɗaya a gona ɗaya a kasuwannin ƙasar Daura da Kano. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da lokacin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa farkon 2024, mai wake da mai rake da mai akuya ne suka fara ji a jikinsu. Duk mai yanke shawara a kan iyaka, a Yamai yake ko a Abuja, ya kamata ya san a wane wata na shekarar gona yake yanke ta.

Magidanta kuma suna da nasu kaso. Babu gwamnatin da za ta hana mutum sayar da dami goma domin bikin kwana ɗaya. Babu dokar da za ta rataye masa irinsa, ko ta mayar wa matarsa gamanarta, ko ta bar masa tsiron gawo. Kuma tun da gonar da ta ci da kaka ba za ta ci da jikoki duka ba, wajibi ne wasu daga cikin yaran gida, maza da mata, su sami karatu da sana'ar da za su tallafi gandu daga waje, maimakon su zo su tsaga shi.

Jama'a, tun daga samun 'yancin kai a 1960 ƙasar nan ta ga mulkin jam'iyya ɗaya, ta ga na soja, ta ga taron ƙasa na 1991 da jam'iyyu masu yawa, ta sake ganin soja. Kowane mulki ya zo da taken noma a bakinsa. Cikin duk waɗannan shekaru babu daminar da ta ɗaga ranar saukarta domin a gama rantsar da wani, babu kuma ciyawar da ta dakata domin a sa hannu a takarda. Mutumin gandu ya riƙe alkawarinsa kowace shekara, ya fita da asuba ranar da ruwa ya sauka. Abin da yake nema ga masu riƙe da ƙasa shi ne su san watanninsa kamar yadda ya san su, su kuma iso kafin lokaci ya shige.

Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya cika rumbuna, Ya dawo da matafiya gida lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanya.